Katin girafik mai araha da zafin Riko: rubutaccen shirinmu na wannan makon

Daga Riko nake magana yau, nan ƙaramar hukumar Jibiya, dab da iyakarmu da Nijar. In kun ji ƙarar fanka a bayana ku yi haƙuri, ba zan iya kashe ta ba. Dama maganar zafi ce ta kawo mu.

Wani ƙanena a garin nan, ba zan kama suna ba, yana haɗa bidiyon biki da tallar shaguna. Ya yi wata da watanni yana zubin adashe don ya sa wa kwamfutarsa katin girafik, wato wannan allon da ke ɗaukar nauyin hoto da bidiyo da gem. Sai ya ga talla a WhatsApp: RX 580, giga 8, kusan rabin kuɗin da ake faɗa a kasuwa. Ya tura kuɗi, aka ba direba saƙo, kati ya iso. Ya yi kwana tara yana aiki lafiya. A na goma, da tsakar rana, yana cikin fitar da bidiyon wani biki, allo ya yi baƙi. Ya kira mai kayan, aka ce masa ai lafiya lau ya bar shago.

To, me ya sa katin ya yi araha tun farko? Ga labarin. Shekaru da dama masu haƙar kirifto sun yi ta sayen irin waɗannan katunan, suna jera su da yawa suna haƙar Ethereum dare da rana. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ta sauya tsari, aka daina haƙarta da katin girafik. Sai katunan suka malalo kasuwar gwanjo ta duniya, wasu suka gangaro har wajenmu. Shi RX 580 ɗin tun 2017 ya fito. Ku lissafa shekarunsa.

Ban ce duk katin da ya yi haƙa matacce ne ba, a'a. Ƙwaƙwalwar katin tana da juriya. Abin da ke gajiya shi ne kayan sanyaya shi: fankar da ta yi shekaru tana juyi ba hutu, da man nan da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen da ke janye zafi, wanda in ya daɗe yake bushewa kamar taɓon bakin rafi da rani. Da aka buɗe na ƙanena, abin da aka tarar ke nan, ga fanka ɗaya tana juyi da ƙyar.

Nan ne nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau. Kana kallon YouTube, Bature ya gwada kati ya ce zafinsa digiri 70, ka ce madalla. Ɗan'uwa, a wane ɗaki ya gwada? Ɗaki mai iyakwandishan, wajen digiri 22. Kati kuwa da iskar ɗaki yake sanyaya kansa, ba shi da wata. Mu nan a watan Afrilu rana tana wuce digiri 40, shagon kwano kuma sai ya fi waje zafi. Kusan duk digirin da ɗakinka ya ɗara nasa, sai ya hau kan katin. Saba'in ɗinsa ke nan ta doshi casa'in a wajenka. Katin da ya ji wuta yakan rage gudu don ya ceci kansa, yawancin na Nvidia daga wajen digiri 83 suke fara haka. Ka biya kuɗin doki, kana tafiyar jaki. Sannan hunturu ya zo da ƙurarsa ya toshe ƙarfen.

Shi ya sa ni tambayata ta farko ba giga nawa ba ce, wat nawa yake ci? RX 580 yana cin wajen wat 185. GTX 1660 Super, wanda ya fito a 2019 kuma ya fi shi gudu a yawancin gem, wat 125. GTX 1650 kuma wat 75 kacal, wasu samfuransa ko wayar wuta ta daban ba sa buƙata. Wutar da kati ya ci, zafi take komawa cikin ɗakinka. Ga mu masu rayuwa a kan sola da janareto, bambancin wat 60 ɗin nan batir ne, fetur ne. Kuma in fawa sufulai ɗinka irin mai sauƙin nauyin nan ne marar suna, kada ma ka fara, don shi da katin za su tafi tare.

Akwai kuma ha'inci tsagwaronsa. Ana ɗaukar tsohon GTS 450 a sauya masa bayanan ciki ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Akwai RX 580 mai laƙabin 2048SP, wanda a gaskiya ɗan'uwan RX 570 ne. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana fallasa da yawa daga cikinsu.

Ni ga shawarata, kuma na san ba za ta yi wa masu son ɓagas daɗi ba: daga Riko kada ka sayi katin gwanjo ta hoto. Ka haƙura ka haɗa kuɗin mota, ko ka wakilta wanda ya san kan abin a Katsina, ko a Farm Centre ta Kano. A sa katin a gabanka, a kunna FurMark minti 20, kana kallon zafin, kana saurarar fanka. In ka ga ɗige-ɗige ko layuka a allo, ajiye. Ka duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su. In an kwance ba laifi ba ne, amma mai kaya ya faɗa maka dalili. Sannan a rubuta a rasit: kwana nawa kake da shi ka dawo da kaya. Mai shagon da ya ƙi gwaji, ya ƙi rubutu, ya riga ya ba ka amsa. Ga wanda ke zaune bakin iyaka, nesa da shagon, takardar nan ta fi min ragin dubu goma.

Wani zai ce ai sai a leƙa Maraɗi ta Ɗan Isa. To, ku tuna an rufe iyakar nan a 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. In kati ya mutu kuma ƙofa a kulle, wa za ka mayar wa?

Shi dai ƙanena, wani mai gyara a Katsina ya sauya masa man, ya sa fanka sabuwa, katin ya tashi. Da aka haɗa kuɗin gyara da na mota, ragin da ya yi murna da shi ya kusa ƙarewa, ga amaryar da ta jira bidiyonta mako biyu ba ta sake ba shi aiki ba. Yanzu sai bayan isha'i yake fitar da bidiyo, murfin kwamfutar a buɗe, fankar tebur na hura mata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.