Yadda Kallon Fim Zai Taimaki Yaranmu Da Ke Karatu A Gida

(Jawabin ma'aikacin sashen raya al'umma a taron iyaye da shugabannin matasa na ikilisiyoyin yankin Bilbis)

 

Maganar da aka ba ni ta 'ya'yanmu ce 'yan sakandare da ke zaune a gida. Ba wanda ya manta da Jangebe, inda aka kwashe 'yan mata 279 a watan Fabrairu na 2021. A watan Satumba na shekarar aka sake ɗiban ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jiha. Daga baya an buɗe, amma har yau akwai iyaye cikinmu da zuciyarsu ba ta yarda su mayar da yaro ba. Ban ga laifinsu ba. Sai dai jarrabawar WAEC da NECO ba ta tambayar dalilin zaman yaro a gida. Lissafi da Turanci akan sami mai ɗan taimakawa. Adabi kuwa an bar shi, ana ganin tatsuniya ce kawai. Alhali a nan ake tambayar yaro jigon labari, da zubinsa da tsarinsa, da salon marubuci, da halayen taurari. Yaron da bai taɓa jin waɗannan kalmomi ba zai riƙe biro ya yi ta kallon takarda.

Yaran nan kuma, mu faɗa wa juna gaskiya, suna kallon fim. Ko mun so ko mun ƙi, ana tura musu a waya a shagon caji. To, tun da abin ya riga ya shigo gida, gara mu sa shi aiki.

Ga abin da muka gwada da wasu matasa. Mun ɗauki Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Fim ɗin ya haura awa biyu, don haka ba mu cinye shi a zama ɗaya ba. Mukan kalli kaɗan, in tsayar, in yi tambaya, sa'an nan mu buɗe littafin mu karanta wurin.

Labarin ya fara ne da Umar ya riga ya zama babban malami, almajiransa suna tambayarsa asalinsa, shi kuma yana ba su tarihin yadda aka sace shi yana ƙarami har ya tashi a hannun wani Balarabe a ƙetaren hamada. Sai na tambaye su: tun da mun ga shi da ransa tun farko, mun san bai mutu a hanya ba, me ya hana mu tashi mu bar kallon? Aka yi shiru. Can wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, uwarsa ce. Shi mun san ya tsira, ita ba mu sani ba." 'Yan'uwa, abin da ake kira zubi da tsari ke nan, ta gano shi da kanta kafin in faɗa mata sunansa. Wani yaro kuma ya kawo tambayar da ni ma ban shirya mata ba: yaya Umar ya san abin da ya sami uwarsa a wuraren da ba ya nan? Muka kwashe lokaci muna jayayya a kan wannan, har aka manta da fim ɗin.

Da muka zo jigo, baki ya rabu. Wasu suka ce cinikin bayi ne, wasu haƙuri, wasu suka ce hassada, saboda sharrin da fadawa suka ƙulla wa Makau, mijin uwar Umar, har sarki ya kore shi. Ban yanke musu hukunci ba. Doka ɗaya na kafa: duk wanda ya faɗi ra'ayi sai ya nuna wurin da ya gan shi, a fim ko a littafi. "Haka nake ji" ba amsa ba ce. Mai duba takardar jarrabawa ma hujjar yake nema.

Wani dattijo ya tare ni ya ce, me ya sa za mu koya wa 'ya'yan Kirista labarin malamin Musulunci? Na girmama tambayarsa. Na ce masa, Baba, labarin ƙasarmu ne da harshenmu, na kakannin maƙwabtanmu da namu. Kuma yaran da kansu suka haɗa shi da Yusufu na Littafin Farawa, wanda aka sayar aka kai Masar, suka yi ta kwatanta inda suka yi kama da inda suka bambanta. Ban taɓa ganin sun karanta Farawa 37 da irin wannan natsuwa ba.

A nan ne abin ya shafi ikilisiya kai tsaye. Littafi Mai Tsarki cike yake da labari mai tsari. Ku duba yadda annabi Natan ya zo wa Dawuda a 2 Sama'ila 12. Ya ba shi labarin mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, ya bari sarki ya fusata ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan ya nuna masa da wa ake. Wannan salo ne. Yaron da ya iya gane shi zai iya koyar da makarantar Lahadi gobe. Fim ɗin Yesu na 1979 da akan haska mana da majigi, daga Bisharar Luka aka ɗauko shi. A karanta misalin Basamariye a Luka 10, a kalli wurin a fim, a tambayi yara me ido ya gani wanda ba a rubuta ba.

Akwai kuskuren da na yi, ina so ku guje shi. Da muka kai inda ake sace yaron, wani saurayi ya tashi ya fita, bai dawo ba. Ashe an taɓa ɗauke ɗan'uwansa. Laifina ne, don ban tambaya ba. Tun daga ranar sai babba ya kalli fim tukuna, ya kuma yi magana da iyaye, kafin a nuna wa yara.

Kada kuma wani ya ɗauka fim ya maye gurbin littafi. Mai shirya fim yakan rage, yakan ƙara, jarrabawa kuwa daga littafin take fitowa. Littattafan da ake sa wa ɗalibai ma suna canjawa, saboda haka a nemi jerin na shekarar daga wurin wani malamin sakandare kafin a sayi ko ɗaya.

Abin da muke roƙo daga kowace ikilisiya bai da yawa: waya ɗaya mai ɗan faɗi ko ƙaramar talabijin mai aiki da sola, littafin rubutu ga kowane yaro, da dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga zumunta da za su riƙa zama tare da su. A yi shi ranar Lahadi bayan sujada, a tashi kafin la'asar, kowa ya isa gida da sauran rana. Shugabannin matasa da ke so a koya musu yadda ake tsayar da fim a yi tambaya, su ba fastonsu suna kafin a watse yau.

 Ubangiji ya kiyaye mu da 'ya'yanmu. Amin.