Wa aka rubuta, wa aka manta? Jawabi kan gidajen da ruwa ya ci a Maraɗi



Zan fara da abin da kakanninmu suka sani. Garin Maraɗi na farko ba nan kan tudu yake ba, can ƙasa yake cikin fadamar Gulbi. A 1945 ruwa ya cinye shi, aka hawo da mutane sama, Nasara ya ja tituna a miƙe kamar an sa zare. Sunayen unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo da Limanci tare da mutanensu suka hawo. Wato garin nan namu kansa gari ne na waɗanda ruwa ya tasa.

Ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024, ruwa ya sauka kamar milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi. Aƙalla mutum 15 suka rasu, Allah ya jiƙan su. Shekarar nan har komawa lakkwal sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba, don azuzuwa cike suke da iyalai.

Ni ilimin zaman jama'a na karanta a jami'a. Bayan ruwan nan wata ƙungiya ta ɗauke mu aikin ƙidayar ɓarna, aka ba mu takarda mai tambayoyi. Na iske wata gwaggo zaune bisa tabarma, inda ɗakinta yake jiya, ta jera tukwane a rana. Na ce, “Gwaggo, sunan mai gida?” Ta ce, “Ɗana, mai gida yana Yamai, mu haya muke.” Na duba takardata, babu gurbin ɗan haya. Gida guda, suna guda. Iyali uku ne a gidan, amma wanda bai kwana cikin ruwan ba shi na rubuta. Wallahi har yau abin yana cina.

Kuma kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka, bayan guguwar Katrina ta 2005, an yi shirin sake gina gidaje a jihar Luwiziyana mai suna Road Home. Kuɗin da ake ba mutum an ɗaure shi da darajar gidansa kafin guguwa. To gida a unguwar baƙaƙen fata ba ya tsada a kasuwa, alhali siminti da katako farashinsu ɗaya ne ko'ina. Talaka ya karɓi abin da ba zai tada gini ba. Masu bincike da suka zauna da mutanen unguwanni suna cikin waɗanda suka tona wannan, magana ta kai har kotu. Ba wanda ya saci ko sisi a lissafin nan, tambayar da aka sa a takarda ce ta yi ɓarnar.

Shi ya sa nake cewa bincike ba na masu digiri kaɗai ba ne. Muna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan, a Yamai akwai LASDEL da ke nazarin yadda taimako ke isa ko ya maƙale a hanya. Amma wa ya san inda ruwa ke bi a lungunku? Tsohon da ya shekara hamsin a wurin. Shi zai ce maka nan kwari ne tun da, an cike shi da shara aka yanka fili. Magini ya san katangar ƙasa daga gindi take mutuwa, in ruwa ya kwanta mata, ba daga sama ba. Ba dole kowa ya yi gidan siminti ba. A ɗaga tushe, a gyara indararo, a buɗe wa ruwa hanya.

Ga kuma zancen tada mutane. A ce a ba manomin Jiratawa fili nesa da gonarsa ta noman rani, ko a kai mai sayar da fura a Tibiri bayan gari inda ba mai saye, ba famfo. Zai karɓa don ba ya iya cewa hukuma a'a. Damina biyu, sai ka gan shi ya koma bakin Gulbi, a ce taurin kai ne. Ba wanda ya tambaye shi me zai ci a can.

Abin da nake roƙonku ƙarami ne. Kafin ruwan farko, kowace unguwa ta samu littafi guda. A bi gida gida, tare da mai unguwa, kuma lallai da mace a cikinku, don akwai ƙofar da namiji ba ya shiga. A rubuta duk wanda ke kwana a gidan: ɗan haya, bazawara, almajiran da ke zaure. A zana inda ruwa ya tsaya a 2024, da tsawon da ya kai a jikin bango. In an gama, a tara mutane a karanta musu, su gyara. Kofi ɗaya ya tafi ma'aikatar magajin gari, ainihin littafin ya zauna a unguwa.

Wanda ke iya ɗaukar unguwarsu, ya tsaya bayan an tashi mu rubuta sunansa.