Kuɗi ko Yawan Nasara: Ma'aunin Masu Horar da Dawakin Tsallake

A tseren dawaki na tsallake shingaye, wanda ya fi ƙarfi a Birtaniya da Ayalan lokacin hunturu, ana naɗa zakaran masu horarwa ne bisa jimillar kuɗin kyaututtukan da dawakinsa suka ciyo, ba a duba yawan tseren da ya lashe. Wannan ma'auni ne ya bai wa Willie Mullins na Ayalan kambun Birtaniya a 2024, abin da wani mai horarwa daga ƙasarsa bai yi ba tun Vincent O'Brien a 1954, ya kuma maimaita a 2025 bayan dokinsa Nick Rockett ya ci gasar Grand National a Aintree.

Wanda abin ya fi shafa shi ne Dan Skelton, tsohon mataimakin mai horarwa Paul Nicholls, wanda ya ja ragama kusan kakar 2025 gaba ɗaya kuma ya fi kowa yawan nasarori, amma aka wuce shi ranar rufewa a Sandown. Wannan ma'auni na da rauni, domin tsarin yana fifita mai barga cike da dawakin attajirai, alhali gwanintar mai horarwa ta fi bayyana inda ya ɗauki doki matsakaici ya koya masa tsallake lafiya har ya ci tsere.