Na'ura tana iya gyara rubutu, amma ba ta ɗaukar alhaki

 

Maganarmu ta yau a kan mujallun bincike ne, wato inda masana ke buga sakamakon aikinsu, da yadda ƙirƙirarriyar basira, wadda kuke ce ma IA, ta shiga cikinsu. Wani zai ce, ni mi ya haɗa ni da wannan? Ka tuna likita yana dogara da abin da aka buga kafin ya rubuta maka magani. Malamin gona ma haka, kafin ya ce maka ga irin hatsin da zai jure fari. In ƙarya ta shiga mujalla, har gidanka za ta iso.

ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022. Ba a daɗe ba aka fara ganin takardun bincike da aka sa sunansa cikin jerin marubuta. A Janairun 2023 mujallar Nature ta ce ba za ta yarda da haka ba. A Fabrairun shekarar, COPE, ƙungiyar da ke tsara ɗa'ar buga bincike, ta faɗi dalili: marubuci shi ne wanda za a tuhuma in an samu kuskure ko ha'inci. Na'ura kuwa ba ta sa hannu, ba ta amsa tambaya gaban kwamiti, ba ta jin kunya. Saboda haka ƙa'idar ta tsaya a kan abu biyu. In ka yi amfani da ita, ka faɗa cikin takardar, ka ce wace ce kuma a wane aiki. Sannan duk abin da ta rubuta maka, kai ke da alhakinsa.

Ku ga abin da ke faruwa in an yi sakaci. A Fabrairun 2024 wata mujallar kamfanin Frontiers ta buga takarda ɗauke da zanen ɓera da Midjourney ya ƙirƙira, jikin ya kumbura ba kan gado, kalmomin jikin zanen ba su da ma'ana a kowane harshe. Cikin ƴan kwanaki aka janye ta. A Maris na shekarar, an tarar da wata takarda a mujallar kamfanin Elsevier wadda gabatarwarta ta fara da amsar ChatGPT kanta, inda yake cewa ga gabatarwar da ka nema. Marubuta ba su goge ba, masu tantancewa ba su lura ba, edita ma ya wuce. To in jimlar farko ba a karanta ba, wa ya duba alƙaluman da ke ciki?

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne wanda ido ba ya kamawa. IA tana ƙirƙiro sunayen littattafai da takardu waɗanda babu su a duniya, ta jera maka su da shekara da shafi. Sai ka je nema ka tarar da wayam.

Masu tantancewa su ma suna da nasu. Takardar da aka ba ka ka duba amana ce, ba a buga ta ba tukuna. Shi ya sa Elsevier ya hana masu tantancewa su loda ta cikin irin waɗannan na'urori.

Yanzu mu dawo gida. Malami a jami'ar Abdou Moumouni, ko ta Maraɗi, Damagaram da Tawa, ba ya hawa muƙami sai dosiyensa ya wuce gaban CAMES, kuma takardun da ya buga su ne jarinsa. Ga shi manyan mujallu da yawa da Turancin Ingilishi suke, mu kuwa da Faransanci muka yi lakwal. Nan IA tana da amfani na gaske: ta gyara maka harshe, ta taimaka wajen fassara. Wannan ba laifi ba ne, muddin tunanin da sakamakon naka ne, kuma ka bi ƙa'idar mujallar.

Sai dai editoci su ma su yi adalci. Wani binciken jami'ar Stanford a 2023 ya nuna manhajojin gano rubutun IA sun ɗora ma fiye da rabin rubuce-rubucen ɗaliban da Ingilishi ba harshensu ba ne tambarin na'ura, alhali da hannunsu suka rubuta. Irin mu ke nan. Bai kamata a yanke ma mutum hukunci da manhaja kaɗai ba.

Kai da ke shirin memwar ko tez, ga abin da nake roƙonka. Kar ka ambaci takardar da ba ka buɗe da kanka ba. Kar ka bar na'ura ta taɓa alƙalumanka ko hotunan gwajinka. Ka karanta ƙa'idar mujalla kafin ka aika, ka kuma faɗa ma malamin da ke duba aikinka abin da ka yi amfani da shi. Takardar da aka janye tana zama a intanet da tambarin janyewa, da sunanka a kai, shekara da shekaru.

 Wanda ke da tambaya, bisimilla.