Raddi da Ladubbansa: Muƙabalar Malamai Biyu a kan Littafin Yoga



A shekarar 2010 wani malami ɗan Ingila, Mark Singleton, ya wallafa littafi mai suna Yoga Body a maɗaba'ar Jami'ar Oxford, inda ya kafa hujja cewa wannan lanƙwashe-lanƙwashen jiki da ake kira yoga a Turai da Amurka, wanda masu koyar da shi ke jingina isnadinsa ga magabatan Indiya na dubban shekaru, mafi yawan siffarsa ta yau ta samu ne a farkon ƙarni na 20, sa'ad da motsa jiki irin na Turawa ya cuɗanya da al'adar Indiya, musamman a fadar Sarkin Mysore, wurin da Krishnamacharya ya karantar a shekarun 1930, kuma a hannunsa Iyengar da Pattabhi Jois suka ɗauki fannin.

Suka ta taso ta fuska biyu. Masu cin abinci da koyar da yoga suka harzuƙa, suka ɗora masa maganar da bai faɗa ba, wai ya ce Turawa ne suka ƙago yoga. Waɗannan ya amsa musu a muƙaddimar da ya rubuta wa fassarar littafin cikin harshen Sabiya, ya bayyana cewa bai taɓa musun daɗewar asalin ba, canjin siffa ya bincika. Ba zan tsaya a kansu ba, domin wanda bai karanta matani ba raddinsa ba ya buƙatar dogon jawabi.

Suka mai nauyi ta zo daga James Mallinson, masanin harshen Sanskrit wanda ya zauna shekaru tare da masu zuhudu na Indiya, wanda a 2011 ya nuna, cikin ladabi amma ba tare da sassauci ba, cewa marubucin bai nutsa cikin tsofaffin nassoshi yadda ya kamata ba, alhali a cikinsu akwai tsayuwa da juye-juyen jiki tun kafin tasirin Turawa. A nan, jama'a, insafin mutum ke bayyana, don kuwa da yawanmu da an taɓa littafinmu sai mu bar mas'ala mu koma binciken niyyar mai suka. Singleton sai ya zauna da mai sukarsa a makarantar SOAS ta Landan, suka duƙufa kan rubuce-rubucen hannu, har a 2017 suka fitar da Roots of Yoga, tarin fassara daga nassoshi fiye da ɗari.

Nassoshin kuwa ba su goyi bayan kowa gaba ɗaya ba. Hathapradipika na ƙarni na 15 ya siffanta zama 15 kacal, abin da ke ƙarfafa Singleton. Amma Hatharatnavali na ƙarni na 17 ya lissafa 84, abin da ke rage ƙarfin da'awarsa ta farko. Duk da haka sunan Singleton na nan a bangon Roots of Yoga, kusa da na Mallinson.