Tashin Matattu da Begen Rai Madawwami a Wurin Kiristocin Fagge da Sabon Gari



Duk wanda ya ratsa Sabon Garin Kano da hantsin ranar Lahadin Ista zai ji majami'u suna tashi da waƙa, wasu da Hausa, wasu da Yarabanci ko harshen Ibo ko Turanci. A cikin masu waƙar nan akwai gwauraye da marayu, akwai kuma waɗanda suka binne 'yan'uwansu bayan wata tarzoma. Tambayar da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: mene ne tushen wannan farin ciki, kuma wane amfani saninsa zai yi wa ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune tare da waɗannan mutane?

Asalin zaman

Fagge tsohon zango ne a bayan ganuwar birni, inda ayarin fatake da Buzaye suke sauka tun kafin zuwan Turawa. Sabon Gari kuwa ɗan jirgin ƙasa ne. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, sannan wajen 1913 aka keɓe fili domin akawuna da leburori da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen bakin teku. Da yawansu Kirista ne, su ne kuma suka fara gina majami'u a wurin. Watau addinin ya zauna a Kano ta hannun baƙi 'yan ƙasa masu neman abinci, a lokacin da gwamnatin mulkin mallaka take hana 'yan mishan wa'azi a cikin birni. A yau Sabon Gari yana cikin ƙaramar hukumar Fagge.

Su 'yan mishan ɗin da kaburbura suka fara. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko da nufin shiga ƙasar Hausa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida. A 1900 Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller suka iso Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka koma Girku. Daga baya Miller ya zauna Zariya, ya kuma jagoranci aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda ta fito a 1932. Da kalmomin Hausar da aka soma zaɓa a wancan aiki Kirista Bahaushe yake ta'aziyya har yau.

Abin da Kirista suka gaskata

Ginshiƙin aƙidar shi ne cewa an gicciye Yesu Almasihu a Urushalima a zamanin gwamnan Rumawa Bilatus, ya mutu, aka binne shi, a rana ta uku kuma ya tashi da jikinsa. Bayani mafi tsufa a rubuce a kan wannan yana cikin wasiƙar farko da Manzo Bulus ya aika wa mutanen Koranti wajen shekara ta 55, a sura ta 15. A can ya lissafa waɗanda ya ce sun ga Almasihu bayan tashinsa, har da taron mutum fiye da 500. Bai yi wa kansa sassauci ba, domin ya nuna cewa in tashin bai auku ba, to, wa'azin da bangaskiyar duka aikin banza ne. Saboda haka a wurin Kirista tashin matattu shi ne turken da aka ɗaure komai a jikinsa.

Bulus ya kawo misalin da kowane manomi zai gane. Ƙwayar hatsi sai an binne ta a ƙasa ta ruɓe kafin ta tsiro, abin da ya tsiro kuma ya fi abin da aka shuka. Mutumin da ya zuba gero a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan fari bai yi asarar irinsa ba, ajiya ya yi. Haka Kirista yake duban kabari. Shi ya sa Kiristocin farko suka kira makabarta da wata kalmar Girkanci mai ma'anar wurin barci. Shi ya sa kuma suka mai da Lahadi, ranar tashin, ta zama ranar sujada a kowane mako. Bayan taron Nikiya na shekarar 325 aka zauna a kan yin Ista ranar Lahadin da ta biyo bayan cikar wata ta farko daga 21 ga Maris, watau a lissafin majami'un Yamma tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu.

To, ina tabbacin ya fito? A koyarwar Kirista, mutum ba ya dogara da nauyin ayyukansa, yana dogara ne da abin da Almasihu ya riga ya yi dominsa. Tashinsa shi ne nunan fari, sauran girbi yana tafe. Darikoki sun sha bamban a nan: ECWA da Baptis suna ƙarfafa cewa mai bangaskiya yana iya sanin cetonsa tun a duniya, Katolika kuwa suna ƙarfafa nacewa cikin alheri har ƙarshe, suna kuma yi wa mamaci addu'a. Amma duka sun haɗu a kan abin da littafin Wahayin Yahaya ya siffanta a sura ta 21, wato zama tare da Allah inda babu mutuwa, babu kuka.

Abin lura ne cewa kalmar da Hausar majami'a take amfani da ita a nan ita ce bege. A Hausar yau da kullum bege ɗoki ne na ganin wanda ake ƙauna, kamar yadda masu waƙar begen Annabi suka san shi. Kirista ya ɗora mata ma'anar sa zuciya tabbatacciya, amma ɗokin bai fita daga cikinta ba.

Inda aka haɗu da inda aka rabu

Musulmin Fagge ba baƙon zancen tashin matattu ba ne, domin imani da Ranar Lahira yana cikin shika-shikan imani guda shida. Addinan biyu sun yarda jiki zai tashi, za a yi hisabi, duniya kuma zango ce. Inda aka rabu shi ne a kan gicciye, wanda Alƙur'ani ya kore a aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, da kuma a kan hanyar samun tsira. Ɓoye wannan bambanci ba ladabi ba ne, kuma faɗinsa ba zagi ba ne. Maƙwabci nagari yana iya sanin abin da ɗan'uwansa ya gaskata ba tare da ya karɓa ba.

Gwajin aƙida

Aƙida ba a sanin ƙarfinta sai ranar wuya, unguwannin nan kuwa sun ga ranakun wuya. An yi tarzomar Mayun 1953, da kashe-kashen 1966, da rikicin Oktoban 1982 a kan faɗaɗa ginin wata majami'ar Anglikan a Fagge, da na Oktoban 1991 a kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke. Ranar Lahadi 29 ga Afrilu 2012 'yan bindiga sun kai wa masu sujada hari a tsohon matsugunin Jami'ar Bayero, har manyan malamai suka rasu. Ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar mota ta New Road, a Yulin 2014 kuma aka jefa wani a majami'ar St Charles. Ba a manta ba cewa a Nuwamban 2014 irin wannan masifa ta faɗa wa masallata a Babban Masallacin Juma'a na birni. Wuta in ta tashi ba ta tambayar mai danga.

Masu suka sukan ce begen Lahira maganin barci ne da ake ba talaka don ya haƙura da zalunci. Wannan suka tana da wurin zama, domin an sha yin amfani da addini haka. Sai dai koyarwar kanta ba ta ce a naɗe hannu ba. Bulus ya rufe surar tashin matattu da kiran mutane su dage da aiki, nan take kuma ya shiga zancen tara gudummawa domin matalautan Urushalima. Asibitin ido da mishan ta SIM ta buɗe a Kano a 1943, wanda ya koma hannun ECWA, misali ne na kusa: masu jiran tashin jiki sun ɗauki jiki abin a yi masa magani, marasa lafiyar kuwa ba a tambayarsu addini.

Haka nan koyarwar ba ta hana kuka ba. Bisharar Yahaya ta nuna Yesu kansa ya zubar da hawaye a bakin kabarin abokinsa Li'azaru. Abin da ta hana shi ne fid da zuciya da ramuwar gayya, domin wanda ya tabbata akwai hisabi ba shi da hujjar mai da kansa alƙali. Gaskiya ce ba kullum aka cika wannan ba: a tarzomar 1991 an zubar da jini ta kowane ɓangare, Hausawa marasa laifi su ma sun rasa rayukansu. Wannan gazawar mabiya ce, aƙidar kuma ita ce ta fara kama su da laifi.

Kammalawa

Ɗalibin yau shi ne alƙali da ɗan sanda da jami'in filaye na gobe. Takardar neman filin makabarta, ko ta izinin gyaran majami'a, ko ta hutun jana'iza, a kan teburinsa za ta sauka. In ya san cewa mai takardar yana kallon kabari a matsayin gonar da aka yi shuka, zai duba ta da idon mutunci. Shi ma Kirista, in da gaske ya tabbata da farin cikin da yake jira, wajibi ne a ga alamarsa a awon da yake yi a kasuwar Sabon Gari, da yadda yake buɗe wa maƙwabcinsa ƙofa ranar da gari ya rikice. Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Allah ya zaunar da Kano lafiya.