Dajin da ke Ƙarƙashin Gonarmu

Jawabi ga kwamitocin raya karkara na ikilisiyoyi

 

An ce in yi magana a kan yadda za mu ƙarfafa ƙungiyoyinmu na agaji domin su taimaki manoma. Da an ce "ƙarfafa ƙungiya", sai hankalinmu ya tafi ga mota, ko babur, ko ofis mai janareta. Ban ce ba su da amfani ba. Amma ku saurari abin da ya faru a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

A 1981 wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya zo Maraɗi a ƙarƙashin mishan ta SIM. Aikinsa dashen itatuwa ne. Aka reni tsirrai, aka yi ta ban ruwa, aka raba su ƙauye ƙauye. Mafi yawansu suka mutu: rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye wasu, gara ta ƙarasa saura. Sai a 1983 ya lura cewa 'yan ƙananan tsiron nan da manomi ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Toho ne na kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu kuwa suna nan da rai cikin ƙasa. Kalgo ne, sabara ce, magarya, aduwa, gawo.

Dabarar ba ta da wuya. Ka zaɓi kututture, ka bar rassa masu ƙarfi daga ɗaya zuwa biyar, ka datse sauran da wuƙa mai kaifi, ka kuma rage na gefe domin itacen ya miƙe. Tun da tsohuwar saiwa ce ke ciyar da shi, yana girma da sauri fiye da dashe, kuma ba ya neman ban ruwa. Mutanen Nijar suna kiran wannan sassaben zamani, ko da yake kakanninmu ma sun san barin gawo a gona. Kun san halin gawo: da damina yakan zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

To, ga wurin da nake so kwamitoci su buɗe kunne. A yunwar 1984 an ba manoma abinci bisa sharaɗin su bar itatuwa a gonakinsu. Suka bari. Da rabon abinci ya ƙare, aka sare kusan kashi 2 cikin 3 na itatuwan. Kada mu zargi manoman. Sun bar itatuwan ne saboda buhun hatsi, kuma a lokacin ana ganin itace na gwamnati ne, mutum zai iya shan tara a kan itacen da ke cikin gonarsa. Wa zai reni abin da ba nasa ba?

Waɗanda ba su sare ba su suka zama malamai. Maƙwabta suka ga matansu sun daina doguwar tafiya neman itacen girki, iska ta daina binne shuka da yashi, ga ɗan kuɗin sayar da rassa. Daga manomi zuwa manomi abin ya bazu. Binciken da aka yi da hotunan sama a shekarun 2000 ya nuna kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood saboda wannan aiki.

A ganina, ƙungiyar agaji mai ƙarfi ita ce wadda ma'aikacinta zai shiga gona ya gane kalgo da sabara tun suna toho, ya iya riƙe wuƙa ya nuna. Sau da yawa muna tura mutum ɗaya taron bita a birni, ya dawo da takardar shaida, gona ba ta canza ba. Gara a kwashi manoma biyar, maza da mata, su je su ga gonar wanda ya yi shekara uku yana yi. Kuma kada mu haɗa wannan aiki da rabon taki ko hatsi. Idan akwai yunwa a raba abinci don yunwa, a bar itace ya tsaya da ƙafarsa.

Saura batun sara da kiwo. Idan mutum ya reni itace wani ya zo da dare ya sare, ba zai sake yi ba. Saboda haka kafin sassabe na bana, kowane kwamiti ya zauna da mai gari, da liman, da arɗon Fulani, da malamin daji, a yarda a kan wanda ke da itacen gona da hukuncin wanda ya sare ba izini. Bayan haka ku kawo mana sunayen manoman da suka yarda su fara da gefe ɗaya na gonarsu.